Masu kai mana kaya: sakaci ne, ko kansu ne ke cika?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi mani haƙuri, yau ba talla na kawo ba, magana ce da ta daɗe tana cin raina. Mu masu sayar da abinci da kayan mata daga gida a nan Katsina, rabin kasuwarmu a hannun masu kai kaya take. Abin da na lura da shi, da safe aiki lafiya lau, amma daga la'asar zuwa magariba sai ka rasa gane kansu. A kai wa ta Goruba kayan ta Barhim, a manta robar miya a cikin akwati, a karɓo kuɗi ba a ƙirga ba. Kuma ba mutum ɗaya ba ne, na canza yara, na canza kamfani, duk kanwar ja ce. Kwastoma kuwa ba ta san wani ɗan dilibari ba, ni ta sani, ni za ta yi wa tijara. Shin sakaci ne, ko raina sana'ar mutane ne, ko akwai abin da ban gane ba? Na san akwai masu wannan aikin a zauren nan, don Allah su yi magana.

Hajiya Bilki:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham kin sosa mani inda ke mani ƙaiƙayi. Ni ba na kwana-kwana, sakaci ne. Yaro ya karɓi leshi mai tsada ya kai shi da tabon baƙin mai, ka kira shi ya ƙi ɗauka, in ya ɗauka ya ce "ga ni nan kusa" alhali ko hanyar bai kama ba. Wanda ya karɓi amana ya riƙe ta. In ba zai iya ba ya ce ba zai iya ba.

Auwal Mai Boxer:
Anti, Hajiya, ina gaishe ku. Ni aikina ke nan, kuma ba zan ce babu masu sakaci a cikinmu ba, akwai su. Amma bari in faɗa maku abin da ke cikin kan mutum lokacin da kuke ganin tuƙi kawai yake.

A ce ƙarfe huɗu na yamma ina da kaya biyar a akwati. Ɗaya abinci ne, an ce in ya huce ba za a karɓa ba. Ɗaya humra ce a kwalba, ba a so ta kwanta. Wannan an biya, wancan sai na karɓi kuɗi a hannu, na ƙarshe an biya rabi, sauran za a yi tiransifa in na isa, kuma kada in miƙa kayan sai mai su ta ce mani ta ga alat. Duk wannan a kaina yake, don ba kowace mai kaya ke rubutu a jikin leda ba, ledojin kuma kusan duk iri ɗaya ne.

Sai kwatance. A GRA ko Goruba da sauƙi, akwai layi, wasu gidajen ma da lamba. Amma shiga cikin gari, Yarinci, Gambarawa, Unguwar Alkali. Za a ce maka "in ka wuce masallaci za ka ga mai shayi, ka shiga lungu na biyu, gida mai jan ƙyaure". Masallaci nawa ne a unguwar? Mai shayin kuma da rana ba ya nan, teburinsa ma an jingine shi. Ka ce a turo lokeshan a ce ba a iya ba, ko a turo wanda zai kai ka bayan gidan inda babu hanya sai ka zagayo. Ka iso, matar gida ba ta fitowa, kai kuma ba ka shiga, sai a jira yaro ya dawo daga Islamiyya, ko a turo wani ƙarami da ba ka da tabbacin ɗan gidan ne. Kana tsaye a rana waya na ta ruri: mai abinci na tambayar ina kake, oga na cewa akwai sabon kaya a babbar kasuwa, ta Barhim na cewa nan da minti goma za ta fita unguwa.

Ka hau mashin kana amsa wannan, kana kauce wa Napep, kana lura kada yaro ya tsallako, kana lissafin man da ya rage a tanki. Wallahi Anti wani lokacin in na koma gida ba jikina ke ciwo ba. Iyalina za ta tambaye ni abu in tsaya ina kallonta, maganar ba ta shiga. Da safe kai fes yake, shi ya sa kike ganin aiki na tafiya daidai. Kafin la'asar ya cika.

Maman Ilham:
Allah sarki. Na ji ka Auwal. To amma me ya kai ku ɗaukar kaya biyar lokaci guda? Ku ɗauki biyu mana, ku kai, ku dawo.

Auwal Mai Boxer:
Anti yawancinmu ba albashi muke ɗauka ba, iya abin da ka kai iya abin da ka samu. In na ɗauki biyu-biyu, kuɗin mai kawai zan yi wa aiki.

Alhaji Kabir:
Bari in sa baki, don ina da mashina a hannun yara kuma ni ke raba masu aiki. Abin da Auwal ya faɗa gaskiya ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000. Taya, baƙin mai, birki, komai ya bi. Kuɗin kai kaya kuwa in ka ƙara ɗari biyu sai kwastoma ta ce a bari za ta aiko almajirinta. Dole a haɗa kaya a hanya ɗaya, in ba haka ba mu rufe.

Inda nake da ƙorafi da ku masu kaya shi ne alƙawari. Ke kina ɗakinki za ki ce wa kwastoma "nan da rabin awa yana ƙofar gidanki", ba ki tambayi inda yaron yake ba. Wataƙila yana hanyar jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ke kuma kina Ƙofar Sauri. Kin ɗaura mashi agogo a wuya bai sani ba, sai kiran faɗa ya fara shigo mashi.

Malam Nura:
Salamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ba na kasuwanci, amma maganar ta shafi abin da nake karantarwa, ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Abin da Auwal ya kira cikar kai abu ne da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna aunawa. Akwai iyaka ga yawan abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ransa a lokaci guda yana aiki da su. A 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya ce wajen bakwai ne. A 2001 wani kuma, Nelson Cowan, ya nuna cewa in aka hana mutum maimaitawa da haɗa abubuwa rukuni-rukuni, abin bai wuce huɗu ba. To ku ƙirga na Auwal: kaya biyar, kowane da mai shi, da unguwarsa, da yadda za a biya, da sharaɗinsa. Ya kai ashirin tun bai tada mashin ba. Idan waya ta shigo a tsakiyar wannan, wani abu sai ya faɗi, kuma ba shi ke zaɓar wanda zai faɗi ba. Yau robar miya ce, gobe canjin kwastoma.

Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar da wani ma'auni a 1988, aikin Sandra Hart da Lowell Staveland, don gane nauyin da aiki ke ɗora wa mutum. Abu shida ake tambaya: yawan tunanin da aikin ke buƙata, wahalar jiki, matsin lokaci, yadda mutum ke ganin ya yi nasara a aikin, ƙoƙarin da ya zuba, da takaicin da ya sha. Da matuƙa jirgin sama aka fi saninsa, amma yanzu har ma'aikatan asibiti da direbobi ana auna su da shi. Ku sake karanta bayanin Auwal, babu ɗaya cikin shidan da bai ambata ba.

Maman Ilham, amsar tambayarki tana cikin maganarki. Kin ce kin canza yara, kin canza kamfani, kuskuren iri ɗaya ne kuma a lokaci ɗaya yake zuwa. Mai sakaci da safe ma sakacin yake yi. In mutane daban-daban suna tuntuɓe a wuri guda, sai a duba wurin.

Hajiya Bilki:
Malam da girmanka, amma kada a ba yaran nan fatawar lalaci. Wace sana'a ce babu tunani a cikinta? Ni da nake shago ina riƙe da bashin mutum nawa a kaina? Kuma a daina ɓoye-ɓoye, wasunsu ƙwaya suke sha, shi ya sa kan ke juyewa da yamma.

Malam Nura:
Hajiya ke kina zaune ne, littafin bashi na gabanki, in kin manta ki buɗe. Shi yana kan taya biyu a tsakiyar titi, hannunsa biyu na kan kan mashin. Taura biyu ba ta taunuwa. Ban ce kada a tuhumi kowa ba, cewa na yi a raba mai ganganci da wanda aka yi wa lodi fiye da kima, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Auwal Mai Boxer:
Hajiya wannan maganar ta yi mani zafi gaskiya. Da yawanmu magidanta ne, wasu da takardar difloma a aljihu. Ana samun mai shaye-shaye a kowace sana'a, amma da zarar mutum ya hau mashin sai a yi mashi kuɗin goro. Wannan kallon ma yana cikin abin da ke ƙara mana nauyi. Ka isa ƙofar gida a gajiye, tun kafin ka yi sallama an riga an ɗauke ka ɗan iska.

Sista Hadiza:
Ƙanena Auwal ka yi haƙuri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a ɓangaren da ake kawo waɗanda suka yi hatsari, kuma abin da ya fi damuna a maganar nan ba miyar da aka manta ba ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tuƙi yana amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗarin hatsari da kusan ninki huɗu. Ta kuma ce sa abin kunne bai rage haɗarin da wani yawa ba, domin matsalar ba a hannu kaɗai take ba, hankalin ne ya tafi wurin maganar. Na ga yadda kuke yi, a soke waya cikin hula ko a maƙale ta da kafaɗa ana tafe ana karɓar kwatance. Duk mai kaya ko kwastomar da ta jera wa yaro kira biyar tana sane yana kan hanya, ta san tana da hannu a abin da zai same shi.

Sai barci. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya gano cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin hankalinsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Wanda ya tashi tun asuba, ƙarfe goma na dare ya kai wannan matakin. Ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a garin nan, rashin ruwa a jiki kaɗai ya isa ya rage wa mutum natsuwa.

Maganar ƙwaya kuma, ban yarda a shafa wa kowa ba. Amma waɗanda na gani sun faɗa mata, da yawansu ba don nishaɗi suka fara ba, don su iya jure dogon aiki ne. Ita kuma ɓoye gajiyar take yi, ba ta cire ta. Don Allah ku riƙa sa hular kwano, ko da zafi. Karaya tana ɗoruwa, raunin kai kuwa wani har abada.

Maman Ilham:
Innalillahi. Sista jikina ya yi sanyi. Azumi na tuna, lokacin da kowa ke son kayan buɗa-bakinsa ya iso kafin a kira salla, su kuma da azumin a bakinsu.

Auwal Mai Boxer:
Wannan awa ɗayan kafin magariba ita ce mafi wuya a duk shekara Anti. Kowa sauri yake, masu mota, masu Napep, masu ƙafa. Sau da yawa a bakin titi muke shan ruwa da kayan wani a akwati.

Injiniya Sada:
Maganar alƙawarin rabin awa da Alhaji ya kawo, an taɓa gwada ta a Amurka an ga ƙarshenta. Kamfanin Domino's mai sayar da fiza ya yi shekaru yana alƙawarin kai abinci cikin minti 30. Aka yi ta samun hatsari da direbobinsa, har a 1993 wata kotu a birnin St. Louis ta yanke a biya wata mata da direbansu ya buge diyyar kusan dala miliyan 78. A shekarar suka janye alƙawarin. Haka a ƙasar Sin, a 2021 hukumomi suka umarci manyan kamfanonin kai abinci su sassauta lokacin da manhajarsu ke yanka wa masu babur. Mu a nan ba manhaja ke yanka lokacin ba, baki ne da WhatsApp, amma matsin iri ɗaya ne.

Baba Lawal:
'Ya'yana sannunku. Jikana ne ke rubuta mani, ni ina faɗa. Na yi aikin gidan waya har na yi ritaya. A zamaninmu mai kai wasiƙa ba ya fita sai an gama tantancewa. Akwai teburi da ramuka-ramuka, kowane yanki da nasa. A ware wasiƙu, sannan a jera su bi da bi yadda hanya take, wadda za a fara saukewa tana sama. In ka fita ba ka tunanin ina zan nufa, jakarka ce ke gaya maka. Wasiƙar da ba ta da cikakken adireshi kuma ba a ba ka ita ka je yawon nema, gefe ake ajiye ta. Mai rajista sai an sa hannu a littafi, ba a dogara da "na tuna".

Abin da nake gani yanzu, yaro ɗaya shi ne mai tantancewa, shi ne mai kaiwa, shi ne akawu mai karɓar kuɗi, shi ne mai ba kwastoma haƙuri. Aikin mutum huɗu ne. Alhaji Kabir, kai da ke da yara, ka zaunar da mutum ɗaya da waya da littafi. Shi zai karɓi kwatance, shi zai sha faɗan kwastoma, shi zai tabbatar da kuɗi sun shiga. Na kan mashin ya ji da titi.

Injiniya Sada:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka faɗa shi ne aka yi rigima a kansa a Koriya ta Kudu. A 2020 masu kai kaya da dama suka mutu, ƙungiyarsu ta ce yawan aiki ne, kuma babban kukansu shi ne awannin da suke ɓatawa suna tantance kaya kafin su fara kaiwa. A 2021 aka yi yarjejeniya cewa tantancewa nauyin kamfani ne.

Alhaji Kabir:
Baba na ji, kuma shawara ce mai kyau. Sai dai mai zaman nan albashi zai ci, kuma daga kuɗin kai kayan zai fito. Masu kaya kun yarda a ƙara?

Musa Daura:
Ku na cikin Katsina ma kuna da sauƙi. Mu a Daura yawancin kayan daga Katsina ko Kano ake sako su a mota. Direba zai kira ka yana tasha ya ce in ba ka zo yanzu ba zai wuce da su, kai kuma kana wata unguwa da kayan wani a hannu. Ka yanke ka tafi tasha, ka tarar da kwali babu suna, lambar waya kawai, ita ma biro ya goge rabi. Awa guda za ka yi kana kiran Katsina kana tambayar na wane ne.

Ustaz Bashir:
Hajiya Bilki ta yi gaskiya da ta ce amana ce, kuma wanda ya ce "ga ni nan kusa" alhali yana nesa ya yi ƙarya, gajiya ba ta halatta mashi ita. Amma hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce game da waɗanda ke ƙarƙashinmu kada mu ɗora masu abin da zai rinjaye su, in kuwa mun ɗora masu to mu taimake su. Rubuta suna da unguwa da kuɗin da za a karɓa a jikin leda taimako ne, kuma bai kai minti ɗaya ba.

Auwal Mai Boxer:
Na gode Ustaz. Maganar "ga ni nan kusa", wasunmu na faɗa ne don a daina kira su samu su yi tuƙi, amma na yarda ba daidai ba ne. In za a taimake mu, ga abin da ya fi: takarda a jikin kowace leda, a karɓi kwatance da lokeshan tun kafin a kira mu, a gaya wa kwastoma ta tanadi wanda zai fito. Kuma a bar mu mu faɗi lokacin da za mu iya isa. In mun tsaya mu za mu kira.

Hajiya Bilki:
Takarda ba matsala, ni dama ina rubutawa. Amma in na yi duk wannan aka kawo mani leshi da tabo fa? Ko kwalbar humra ta fashe? Nan ma cikar kai ce?

Alhaji Kabir:
A'a Hajiya, wannan a wurina biya ne. In kin naɗe kaya da kyau, kin rubuta, kin faɗi cewa mai fashewa ne, aka lalata, ni zan biya ki, sannan in zauna da yaron. Amma ni ma ina da sharaɗi: in yaro ya isa ƙofar gida aka tsayar da shi fiye da minti goma, akwai kuɗin jira, kuma in aka fasa karɓa bayan ya isa, kuɗin kaiwa ba ya dawowa.

Maman Ilham:
Kuɗin jiran wa zai biya Alhaji, ni ko kwastoma? Don in na ce wa matan nan su ƙara ko naira ɗari saboda sun ɓata lokaci, wallahi wasu ba za su sake saye a wurina ba.

Alhaji Kabir:
Wadda ta tsayar da shi. Ki faɗa mata tun lokacin da take yin oda, kafin ta tura kuɗi. In dukkanku masu kaya na zauren nan kuka sa sharaɗin rana ɗaya, ba ta da wurin gudu.

Hajiya Bilki:
Ni sai na ga an rubuta maganar biyan ɓarna tukuna, da sa hannu. Alhaji ka turo a nan kowa ya karanta, in ya yi mani zan shiga.